Ɗigo Biyu a Kafaɗar Magen Kwakwa

Daga gidan kawunki, bakin kurmi
Ranar Talata

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina nan lafiya, ke da maigidanki da 'yar amaryata. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Ni lafiyata ƙalau, ban da idon nan da kika sani. Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen da kike gani. Da alƙalamin rubutu a jikin kwali nake rubuta miki, shi kaɗai nake iya bin sawunsa, don haka maganar da ba ta wuce shafi biyu ba za ta zo miki kamar kundi.

Na san ranki ya ɓaci. Kin zo ranar Asabar da kwanon abinci kin tarar da ƙofa a kulle, maƙwabci ya miƙa miki mabuɗi da 'yar takarda. Da na gaya miki da baki, da kin ɓoye mini takalma. Na san halinki, kuma taurin kan nan ba a ƙasa kika tsince shi ba.

Amaryata ce ta jawo. Makon jiya ta zo mini da littafinta na makaranta, na dabbobin daji, wanda na yi wa zane shekara talatin da biyu da suka wuce, kuma har yau ba a daina buga shi ba. Ta buɗe shafi na arba'in da ɗaya, inda magen kwakwa take tsaye cikin ciyawa, ta ce malamarsu ta gaya wa duk ajin cewa kakanta ne ya zana. Sai ta tambaye ni a ina na ga dabbar, kuma ban ji tsoro ba? Na ce ta je ta ɗebo mini ruwa. Kafin ta dawo na kunna rediyo.

Ban taɓa ganin dabbar nan ba, Auta. Duk sauran da ke cikin littafin na gan su da idona, wasu a gidan namun daji, wasu a hannun mafarauta. Ita kaɗai ce ta gagare ni, ga shi kuma masu buga littafin sun matsa. Sai na je shagon wani mai sayar da fatu, na tarar da wata busasshiyar fata an kafe ta a bango da ƙusa biyu ta wajen kafaɗu, gashin wurin duk ya kaɗe. Na zauna gabanta yini guda. Na ƙirga ɗigon baƙi da ke bayanta, na ƙirga zobban jelarta, na hura mata rai da fensir, na tsayar da ita a ƙasa tunda a ƙasa na saba ganin mage.

Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, a nan gidan ta tashi, a bakin kurmin nan. Da ta ga zanen ta ce ba haka dabbar take ba. Ta ce ba ta zama a ciyawa, a sama take rayuwarta, kuma tana da ɗigo biyu masu haske a kan kafaɗu, kamar wani ya tsoma yatsu biyu a madara ya dafa ta. Ban saurare ta ba. Sauran labarin sai wani jiƙon, yau ba ni da ƙarfinsa.

Kin ji abin da likita ya ce. Idon dama ya tafi, na hagu yana bin sawu. Duk abin da na kalla, wani tabo mai toka-toka sai ya zo ya zauna a kansa, sai gefe-gefe kawai nake gani. Ina so in ga dabbar nan kafin tabon ya cinye sauran, in san wa ke da gaskiya tsakanina da mahaifiyarki. Ko in ce, in gani da idona, don zuciyata ta daɗe da sanin amsar.

Kawunki Mai Zuma ya tarbe ni da irin tsokanar da ya saba. Ya ce mutumin da ya zuba wa kansa gishiri a shayi da safe, shi ne zai ga magen kwakwa a saman ɓaure? Na ce masa na ɗauke 'yar'uwarsa a gabansa yana yaro yana kuka da majina, ba yau na fara fin ƙarfinsa ba. Matarsa ta gyara mini ɗakin baya, wanda tagarsa ke kallon kurmi. Ta ce ɗakin da mahaifiyarki take kwana ke nan tana yarinya.

Wurin nan shiru ne, Auta. Da safe tururi yakan taso daga rafi ya rataye a tsakanin itatuwa, har sai rana ta ɗaga. Da idon nan nawa komai ya zama kamar zanen da aka zuba wa ruwa, kore yana shiga toka, toka yana shiga fari. Ba zan ɓoye miki ba, yana da kyau.

Waya ba ta kamawa a nan. Direban da ke zuwa ɗaukar zuma da ayaba duk Talata da Juma'a shi zai riƙa kawo miki wasiƙa, ki ba shi amsa. Ban manta da allurar ido ba, Alhamis ta mako mai zuwa ce, zan dawo kafin nan.

Ki gaishe da maigidanki. Ki ce wa amaryata angonta ya tafi neman amsar tambayarta.

Ni ne,
Babanki

*

Ranar Talata

Autata,

Ina gaishe ki da kyau. Ina fata kowa lafiya, kuma tarin da ya dami amaryata ya lafa. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta da gilashin ƙara girma, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Faɗan ya iso duka, babu abin da ya zube a hanya. Kin ce dabba ba ta kai ido ba. Gaskiyarki ce.

Kwana bakwai ke nan ina jira. Akwai wani tsohon ɓaure a bayan amyoyin kawunki, inda gona ta ƙare kurmi ya fara. Igiyoyin daji sun nannaɗe shi tun daga ƙasa har sama, sun yi wani dunƙule a inda manyan rassa suka rabu. Kawunki ya ce a cikin dunƙulen nan take kwana da rana, ta naɗe jikinta da jela. Kusa da shi akwai kwakwar manja guda uku da ba wanda ya shuka, rassan sun haɗe da juna har zuwa rafi, ta yadda za ta yi yawonta duka ba ta taka ƙasa ba. Ya rataya mata nunannar ayaba a wani reshe na ƙasa, ya ajiye mini benci a gindin itacen.

Na ji muryarta. Da rana ta faɗi, kafin duhu ya gama rufewa, sai ki ji wani kira daga sama, huu, huu, huu, a hankali, sau huɗu ko biyar. Na ɗauka mujiya ce, kawunki ya ce a kunnen ɗan birni ne kawai take mujiya. Can wajen rafi wata takan amsa. Na ji ƙamshinta kuma, wani ƙamshi mai nauyi da take bari a jikin reshe, kamar tsohon turaren da ya daɗe a akwati. Da safe nakan tsinci ɓawon ayaba da ɓauren da aka ci rabi. Na shafa sawun farcenta a jikin itace da yatsana. Komai nata na samu, ban da ita.

Abin haushin, kowa yana ganinta. Matar kawunki ta gan ta tana satar gwanda, har ta jefe ta da takalmi. Direba ma ya ce ya taɓa ganinta a fitilar mota. Shekaranjiya kawunki ya damƙe mini hannu ya ce ga ta can a kan reshe. Na ɗaga kai na kafa ido daidai inda yake nunawa, sai tabon nan ya zo ya zauna a wurin daram. Ina ganin ganye a dama, ganye a hagu, tsakiya babu komai. Ya ce in daina zare mata ido haka, a kurmi ba a kallon abu gaba da gaba. Na ce masa shekara arba'in ina koya wa mutane zane, kuma darasin farko shi ne ka kafa ido a kan abu kada ka ɗauke, ba mai zuma ne zai koya mini kallo ba. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a, malam.

Na ce zan ba ki sauran labarin. Ga shi, tunda zaman benci ya hana ni gudunsa.

Ranar da na gama zanen nan, washegari za a kai shi. Mahaifiyarki ta kawo mini shayi, ta leƙa ta kafaɗata kamar yadda ta saba. A lokacin duk abin da na zana ita take fara gani. Ta yi dariya ta ce wannan magen wa ce, ai ba ta santa ba. Ta yi mini bayanin ɗigon nan biyu. Na ce mata na ga fatar da idona, gani ya kori ji. Ki duba fa, ni da na ga fata a bango nake gaya wa wadda ta ga dabbar da rai cewa gani ya kori ji.

Na fita wanke hannu. Da na dawo na tarar ta ɗauki magogi, ɓangaren nan mai kaushi, ta goge wuri biyu a kafaɗar zanen, tana murmushi tana jiran in yaba. Auta, abin da na gaya mata ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ce ke da ko firamare ba ki gama ba, wa ya ba ki izinin taɓa aikin da za a koya wa 'ya'yan mutane? Na zauna na cike wurin da fensir ruwan ƙasa, na danna sosai don kada a ga alama.

Ba ta yi kuka ba, ba ta rama ba. Kin san ta. Amma daga ranar ba ta sake leƙa teburina ba. Shekara talatin tana kawo mini shayi, ta ajiye a can gefen tebur fuskarta na kallon ƙofa, ta fita. Ku kun tashi kun ga haka, kun ɗauka ladabi ne. Ni ma na bar ku a haka. Sau da yawa na yi niyyar in ce mata ta zo ta ga wani abu, sai girman kai ya riƙe mini harshe, in ce gobe. Har goben ta ƙare.

Jiya na yi mafarkinta. Tana yarinya, irin yarintar da ban san ta a ciki ba, tana tafiya a kan rassan ɓauren nan ba takalmi, daga wannan itace zuwa wancan, tururin safiya yana kai mata gwiwa. Ina ƙasa ina kiranta, ita kuwa ko waiwaye. Ba fushi take yi ba, tafiyarta kawai take yi.

Jibi ce ranar allura, na sani. Motar yau za ta tafi da wasiƙar nan ba tare da ni ba. Ki roƙar mini likita ya ɗaga zuwa mako mai zuwa. Kada ki taso, hanyar ba ta da kyau, kuma ko kin zo sai dai ki ɗauke ni da bencin.

Ki gaishe da mutanen gida duka.

Babanki

*

Ranar Juma'a

Autata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kin tashi lafiya, ke da iyalinki. Direba ya kawo saƙonki, layi uku kacal. Na gane. Gajeren faɗanki ya fi dogon zafi, haka mahaifiyarki take.

Na gan ta.

Bari in bi miki a hankali. Jiya Alhamis, ranar da ya kamata a ce ina kwance gaban likita, na tashi na ga tabon ya ƙara faɗi. Ƙofar ɗaki da nake ganin gefenta biyu, sai ɗaya nake gani. Na tsorata ƙwarai. Na ce wa kawunki na haƙura, zan bi motar Juma'a, tsufa ne ya sa ni wauta. Bai tsokane ni ba, wannan ma ya ƙara karya mini zuciya.

Yau da asuba bayan salla na ce bari in je in yi wa bencin sallama. Gari bai gama wayewa ba, tururi ya cika gindin ɓauren, raɓa na ɗiga daga ganye. Ban ɗaga kai sama ba ma, na gaji da ɗagawa. Ina zaune sai matar kawunki ta biyo ni da kofin shayi. Ta lallaɓo don kada ta kori dabbar, ta ajiye shi a can ƙarshen benci ta juya. Yadda ta ajiye shi a gefe ta tafi, sak yadda mahaifiyarki take yi. Na juya na zuba wa kofin ido. Ba na ma ganinsa, tabon ya rufe shi, sai tururinsa da ke fitowa ta sama. Ina nan ina tunanin kofi nawa aka ajiye mini haka.

Sai ta wutsiyar ido na ga jikin itacen yana motsi.

Da farko na ɗauka igiyar daji ce iska ke kaɗawa, to amma babu iska. Wani abu ne yake saukowa, kai a ƙasa, jela a sama, ya rungumi itacen da ƙafafu huɗu, yana zubowa a hankali kamar zuma daga ludayi. Na yi abin da na saba, na juya na kafa mata ido. Nan take ta ɓace, tabon ya haɗiye ta. Kamar in yi ihu. Sai maganar kawunki ta faɗo mini, na mai da idona kan kofin, na riƙe shi a can da ƙarfin tsiya. Ta dawo. Ashe duk kwanakin nan a gefe take, ni ne nake rufe ta da kallona.

Ta zo kan reshen da ayabar take, tsakanina da ita bai fi taku uku ba. Ba ta kai girman da na ba ta a littafi ba, mage ce babba kawai, amma ta fi mage tsawon jiki da gajerun ƙafafu. Gashinta mai kauri ne, launin ƙasar da ruwa ya jiƙa, ɗigon baƙin kuma ba su fito ɓaro-ɓaro kamar nawa ba, sun nutse cikin gashin, sai ta motsa ake ganinsu. Kunnuwan ƙanana ne, zagayayyu. Ni dogaye masu tsini na yi mata, Allah ya yafe mini. Jelar ta fi jikin tsawo, mai kauri, da zobba baƙaƙe, ta sake ta tana lilo a ƙarƙashin reshe. Idon ban gan shi da kyau ba, sai wani ɗan ƙyalli kore-kore lokacin da ta dube ni. Ba ta ji tsorona ba. Ina jin ta ga tsoho ne yana hira da kofi.

Ta zauna a kan ƙafafun baya, ta kama ayaba da hannu biyu tana ci, ina jin ƙarar taunarta. Ban san tsawon lokacin ba. Tururin yana wucewa tsakaninmu, ta dushe, ta dawo, ta dushe, har na fara shakkar ko mafarkin nan ne bai sake ni ba. Na tsunkuli cinyata.

Da ta gama ta juya za ta hau, ta ba ni baya. Suna nan, Auta. Guda biyu, ɗaya a kowace kafaɗa, fari-fari da ɗan rawaya, kowanne bai fi kan yatsa ba. Duk jikinta duhu ne, su kaɗai ke ɗaukar hasken asuba. Tana hawa jikin yana narkewa cikin ganye, su kuma ina ganinsu suna tafiya sama su biyu, har suka shige dunƙulen igiyoyin. Daidai inda mai fatu ya buga ƙusoshinsa suke.

Na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Na ce wa mahaifiyarki, gaskiyarki ce, na faɗa da ƙarfi, sau uku. Kawunki ya same ni a haka. Ya zauna a ɗaya gefen bencin, ya ɗauki shayin da ya huce ya shanye, ya ce ai 'yar'uwarsa ba ta ƙarya, ko da suna yara ita ce mai tona musu asiri.

Na gwada zana ta da rana, ban iya ba. Hannu ya san hanya amma ido ba ya ganin inda fensir ya sauka, matar kawunki ta duba ta ce ya yi kama da buhun da aka rataya. Don haka ga roƙona na ƙarshe, daga shi ba zan ƙara ba. Ki je ɗakina, ƙarƙashin gado akwai akwatin ƙarfe. A ciki akwai jakar takardu koriya, zanen asali na littafin duk suna nan, masu bugawa sun dawo mini da su. Ki ciro na arba'in da ɗaya, ki sa shi tsakanin kwali biyu, ki ba direba ranar Talata tare da magogi. Ni na cike wurin, ni zan goge shi da hannuna, a ɗakin mahaifiyarki. Ranar Juma'a ina cikin mota, na yi miki alkawari.

Ki gaishe da maigidanki, ki ba shi haƙuri kan wahalar da nake ba ku.

Babanki

*

Ranar Laraba

Autata,

Ina gaishe ki, ina sa miki albarka. Ina fata kuna lafiya. Saƙo ya iso jiya, kwali biyu da magogi sabo fil. Wannan amsar ba za ta jira direba ba, wani maƙwabcin kawunki da zai shiga gari gobe ne zai kawo miki. Wasiƙarki matar kawunki ce ta karanta mini, gilashin ya daina taimako. Idan kin ga layukan nan suna hawa kan juna, dalilin ke nan. Kada ki zargi kanki, ni na saya da hannuna, kuma na san farashin tun kafin in taso. Na ji kin ce kin tuna yadda mahaifiyarki take ajiye shayin. Ban san kina lura ba.

Yau da hantsi na shimfiɗa zanen a kan tabarma na ɗauki magogi. Sai na rasa inda zan sa shi. Na karkata kai dama, na karkata hagu, ba na iya raba kafaɗa da wuya, komai ruwan ƙasa ne. Na danne wurin da kyau a wancan lokacin, aikin ƙwararre. Na ji tsoron in goge inda ba shi ba in ɓata takardar. Kawunki yana wajen amyoyinsa, kuma ban so in kira kowa.

Sai na tashi na je bakin taga neman haske. Na ɗaga takardar sama, rana tana bayanta, na kawar da idona gefe kamar yadda dabbar ta koya mini.

Haske ya fito ta wuri biyu.

Magogin nan mai kaushi ya ci takardar, ta yi siriri a inda mahaifiyarki ta goge. Fensirina ya rufe launin, amma bai mai da kaurin takardar ba. Shekara talatin da biyu suna nan a ƙarƙashin gadona. Kuma daidai suke, Auta, girmansu da tazararsu, kamar yadda na gan su ranar Juma'a. Ita da ba ta taɓa riƙe fensirin zane ba, cikin minti ɗaya, daga abin da ta gani tana yarinya. Na daɗe a tsaye har hannuwana suka gaji. Ban taɓa takardar da magogin ba, babu abin da zan ƙara a kan aikinta.

Idan na dawo za ki raka ni wurin masu buga littafin. Su ɗauki hoton zanen da haske a bayansa, su sa a bugu na gaba, kunnuwa da ciyawar kuma su nemi wani mai ido ya gyara. A ƙasan shafin su cire sunana su sa nata. Idan sun ƙi, zan zauna musu a ofis, kin ga na ƙware a zaman benci.

Ki nemar mini ganin likita ranar Litinin, abin da ya rage a ceta a ceta. Ki gaya wa amaryata amsarta ta samu: kakarta ce ta ga dabbar, kuma ba ta ji tsoro ba. Ki kawo ta ranar Juma'a da yamma. Ki dafa shayi, ki ajiye shi a tsakiyar tebur, ku zo ku tsaya a kafaɗata ku biyu, zan nuna muku wani abu a taga.

Kawunki da matarsa suna gaishe ki. Ya ba da zuma kwalba biyu, ya ce ɗaya taki ce, ɗayar kuma ladan wanda zai riƙe ni kada in sake dawowa.

Ni ne mai ƙaunarki,
Babanki